Ɗakin da Na Ɗora Bisa na Dutse

Da la'asar ruwan ya shigo gidana. Ba a garinmu Tama anka yi shi ba, can bisa duwatsu anka yi shi, ƙorama ta kawo mana. Ina tankaɗe na ji ƙugi kamar na kamyo, babbar motar kaya. Kafin in gyara ɗaurin zane ya kai mani gwiwa. Rumbu ya zauna. Ɗakunan laka sunka narke. Irin albasar da na aje cikin tukunya ƙarƙashin gado ya bi ruwa. Na fito da jikokina da akuya guda.

Ɗaki ɗaya ya tsaya, na dutse. Ni da maigidana munka gina shi kafin ya rasu. Shi ke jerawa, ni ke ɗauko dutsen bisa kai daga tudu. Bangon yana da kaurin da mutum zai kwanta bisansa.

Mutane sunka ce in tashi in koma tudu. Ban tashi ba. Garkata, lambun da nike noman albasa, nan take, rijiyata nan take, in na yi nisa awakin mutane za su cinye mani albasa. Waccan shekarar roƙon iri na yi gida gida, ban so in ƙara. Na ce zan ɗora ɗaki bisa na dutsen kafin wata damina, in aje iri da hatsi, in ruwa ya zo mu hau.

Ɗana da ke bida, neman kuɗi can Abija bakin teku, ya kira ya ce dal za a yi, rufin siminti da ƙarfe irin na can, shi zai aiko da abin yi. Na sa anka kira maso, mai gini, daga garin Buza. Ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa bango, ya hau rufi ya yi tsalle. Ya ce in an ƙara ƙarfe ƙarƙashin azara, rufin zai ɗauki mutane da buhuna. Amma dal a'a, don dutsen da laka anka haɗa shi, nauyin zai buɗe shi. Ya ce a yi bangon tubali da ya wuce tsawon mutum, a rufa da tol, kwanon rufi, aikin ba ya daɗewa. Ban son tol. Zafinsa na dafa iri, kuma na taɓa ganin iskar farkon damina ta ɗauke na wani shago ta aje cikin gona. Da zai tahi ya ce akwai na uku, ƙubba ta tubali tsura, ba itace ba ƙarfe, ya koya amma mutane tsoro suke ji. Na ce ni ba burodi ba ce da zan kwana cikin tanderu. Munka tsaya ga tol.

Bayan girbi anka buga tubali. Ranar da anka fara tarawa sai ga maƙwabcina na arewa ya shigo da sandarsa. Taubashina ne, ɗan wan uwata, ya girme ni nesa. Tun ina ƙarama ba mu haɗuwa ba mu zagi juna ba.

“Ke mai kan jaki, mi nike ji? Sama za ki?”

“Sama za ni, bawana. In kana son aiki zo ka ɗauki laka.”

Bai yi dariya ba, nan na san da magana. Bayan gidansa, kusa da katangar da ta raba mu, akwai wani baƙin dutse na kakanni. Ba a yi masa yanka tun kafin a aurar da ni, tsohon kuma sahun gaba yake a masallaci. Amma shi ke share wurin, kuma abu guda ubansa ya bar masa: da rana tsaka, sai rana ta ga dutsen. Ba a rufe shi, ba a dasa itace kusa da shi. Na san haka, uwata ɗiyar gidan ce. Ban dai taɓa kawo shi a raina ba, don ba wanda ya taɓa yin gini sama a unguwarmu.

Ya ce in gina har in taɓa hadari, ba ruwansa. Amma in inuwar ɗakina ta hau dutsen, wurin maigari za shi. Na san in ya je shi za a ba gaskiya. Dutsen ya riga gidana zama.

Na ce ya zo mu gwada gobe. Ya ce ba gobe ba, wayo ne zan yi masa. Yanzu inuwa gajera ce. Sai tsakiyar ɗari, lokacin da rana ke kwantawa kudu, inuwa ta miƙe arewa iyakar miƙewarta. Ranar za a gwada.

Na jira. Ban iya jira ba amma na jira. Tubali na nan tare, awaki na lasa, masu wucewa na tambaya ko na fasa.

Da sanyi ya kama sosai maso ya dawo. Ya kafa sanduna bisa rufi daidai tsawon bangon da zai yi, ya rataya zana. Munka tsaya bayan gidan tsohon, takalma a hannu. Rana ta kai tsaka. Inuwa ta ƙetare katanga, ta lulluɓe dutsen, har ta yi saura. Tsohon ya juyo ya dube ni.

Na ce wa maso ya ja bangon baya. Ya ce bango bisa bango yake zama, in ya aza shi tsakiyar rufi, ƙasa za mu same shi. Na ce ya rage tsawo. Ya ce to sai in riƙa shiga da rarrafe kamar kaza. Na kalli zanar. Sannan na tambaye shi tanderun nan nasa, ina tsawonsa yake. Ya ce tsakiya. Bangon gefe iyakarsa ƙugu, daga nan ya fara lanƙwasa.

Na je na saro tsumagu masu tsawo. Munka lanƙwasa su bisa rufi kamar bukkar Buzaye, munka yafa tabarmi. Washegari munka koma. Inuwa ta sauko katanga, ta taho bisa rairayi, ta taho, ta tsaya. Tsohon ya durƙusa da kyar, ya aza tafin hannunsa tsakanin bakinta da dutsen. Hannun ya shiga. Ya zauna nan har rana ta karkata, ko za ta ƙara matsowa. Ba ta matso ba.

“Ta tsaya,” in ji shi.

“Ka tabbata, ko idon ne ya tahi?”

“Idona ya ga ranar da anka haife ki, mummuna. Tahi ki yi gininki.”

Ɗana ya yi faɗa cikin waya. Ya ce tubalin da ba abin da ya riƙe shi zai kashe masa ɗiya, jikokin nan nawa. Na ce masa ya zo ya hana. Bai zo ba, ya aiko anka sayi ƙarfen ƙarƙashin azara da ƙofa.

Maso ya kafa fegi tsakiyar ɗaki ya ɗaura igiya, da ita yake auna kowane tubali. Layi bisa layi, kowane na ɗan shigowa ciki. Ni ke kwaɓa laka, ni ke miƙa masa. Maza sunka riƙa zama gindin katanga suna jiran ranar da ƙubbar za ta rufto. Wani ya ce a tanadi likkafani. Na ce masa ya tanadi nasa, ya fi ni kusa.

Ranar da bakin ya haɗe sama, maso ya ce sai ta bushe sannan wani ya hau ya gwada. Da ta bushe ba wanda ya motsa. Na ɗaure zane tamau na hau tsani. Na tsaya bisa ƙoƙuwarta, na buga ƙafa, na ƙara bugawa. Ko ƙura ba ta zuba ciki ba. Daga nan na ga garake kore shar har bakin ƙorama. Mata sunka yi guɗa. Na sauko na ce a kawo yaɓe. Tagar kudu na sa anka buɗe, ba ta kallon gidan kowa.

Daminar da ta biyo ruwa ya dawo, da rana. Ya shiga ɗakin ƙasa, ya ci ƙasan matakala. Mu muna sama, ni da jikoki da akuya, jingine da buhunan hatsi, ina ɓare masu gyaɗa. Ɗakin da sanyi kamar randa. Da ruwan ya janye na sauko na kwashe laka.

Lokacin zuba iri na sauko da tukunyata na buɗe. Irin albasar bushe yake, baƙi wuluk. Na zuba nawa, abin da ya rage na ba masu zuwa roƙo.