Wanda Ya Haƙa Rijiyar Garinmu

Garinmu yana bakin iyaka, kudu da Tamanrasset, tafiyar kwana biyu a mota in taya ba ta fashe ba. Akwai buron dowan, wato ofishin kwastan, mai ɗaki biyu, da tsofaffin gangunan mai da aka jera don nuna inda ƙasa ta ƙare, da itacen aduwa guda ɗaya, sai rijiya. Ba don rijiyar nan ba, ko ɓera ba zai kwana a wurin ba.

Wani Buzu makiyayi ne ya haƙa ta, matarsa na fid da yashi da akushi. Mahaifina ya iso daga Damagaram bayan an gama, da jaki da kayan koli. Ya leƙa ya ga ko da ruwa, leƙen ya yi yawa, ya zurma. Da igiyar jakinsa aka jawo shi, ƙafa a karye. Kafin ta warke ya yi aure, shi ke nan muka zama ƴan gari.

Shekarar da aka buɗe lekkol, makarantar boko, malamin da aka turo, wanda muke kira mushe, baƙo daga Maraɗi, ya ce zai rubuta wa yara tarihin gari. Dattawa duk sun bi raƙuma daji, ni ya tarar a gindin aduwa ina dafa shayi. Ban taɓa ganin ana rubuta maganata ba. Da na ga alƙalaminsa na gudu, sai bakina ya bi shi. A kofin farko mahaifina ya taimaka wajen haƙa rijiyar. A na biyu shi ya nuna wurin. Kafin mu shanye na uku ya haƙa ta shi kaɗai da ƙashin kafaɗar raƙumi, ƙafar ma a bakin aiki ta karye. Mushe yana ta roƙo in rage sauri, ni kuwa daɗi ya kwashe ni.

Yara suka haddace. Ɗiyar Buzun, wadda muke kira Yaya don ta girme mu, ta ji ƴaƴan cikinta suna rera shi a tsakar gidanta. Ba ta yi faɗa ba. In mun haɗu a rijiya sai ta miƙo mini guga, ta ce in fara, tunda ta gidanmu ce. Shekara biyu na jure wannan, sannan na hau kamiyo, babbar motar kaya, na zo Tamanrasset aikin gini. Na ce wa mutane neman abinci ne ya kawo ni.

Bara aka kawo Yaya ganin likitan ido, ta sauka a unguwarmu. Duk waɗanda suka san gaskiya sun rasu, daga ni sai ita. Na sayi dabino na je, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na nemi gafara. Ta ce nata mai sauƙi ne, amma sunan mahaifinta aka binne, kuma ba ta son ta bi shi haka. Ta kwance bakin gyale ta fiddo waya, ta ce in yi saƙon murya zuwa zauren ƴan garinmu na cikin waya.

Na gyara murya na fara. Ina zuwa wurin faɗawar, sai na ji kaina ina cewa ai akuya mahaifina ya je ceto a cikin rijiyar.

"Wace akuya, ƙanena? Goge."

Na sake. Wannan karon na ce da gangan ya sauka, zurfin yake son aunawa.

"Da ka ya auna?"

Dariya ta kama mu, tana dafe bandejin idonta tana cewa in likita ya yi faɗa ni zan amsa. Sai da na sha ruwa na natsu.

A karo na uku na faɗa yadda aka yi, har da jakin da ya ƙi tsayawa sai da aka rufe masa ido. Na ambaci sunan mahaifinta. Ta taɓa hannuna ta ce saura mahaifiyarta, ai ba aljanu suka kwashe yashin ba. Na ƙara. Na kuma ce ni na yi ƙaryar, kada kowa ya zargi mushe.

Ta kara wayar a kunne ta saurara sau biyu, ba dariya. Sannan ta miƙo mini.

"Ni ba na gani. Kai za ka aika."

Na karɓa, na danna.