Ranar da Kakata Ta Tsefe Min Kitso a Asibiti

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da aka duba ƙwaƙwalwata a Khartoum ba.

Shekarata goma sha bakwai lokacin, muna zaune a unguwar Alsawra, a ƙetaren kogi. Wani zubin sai in tashi da ƙarfi kamar doki, ga surutu ba tsayawa, in share gidanmu in haɗa da na maƙwabta, barci ya ƙaurace min. Bayan 'yan makonni kuma sai in kwanta, ko kofi ba na iya ɗagawa. Mutanen unguwa suka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, shiru.

Babana tela ne marar yawan magana. Shi ya ce a gwada asibiti. Muka ƙetara gada, ni da shi da kakata, wadda muke kira Habboba.

Likitar ta ce za a liƙa min wayoyi a ka, a ga yadda wutar ƙwaƙwalwata ke gudana, amma sai an tsefe kitsona. Na tubure. A wautata, na ɗauka na'urar za ta karanta duk abin da nake ɓoyewa a raina, a nuna wa Baba.

Habboba ta zaunar da ni a gabanta a baranda, ta fara tsifa a hankali.

"Ya bitti," ta ce, wato 'yata, "ƙanwata ma haka ta yi fama. A ƙauye ɗaki aka kulle ta har ta rasu, ba wanda ya san sunan ciwonta. Ke kuwa sai an san naki."

Ban taɓa jin tana da ƙanwa ba. Na daina gardama.

Da aka gama gwajin, Baba ya dubi layukan da ke hawa suna sauka a jikin allon na'urar. "Daktora, hauka ne?"

"A'a, Hajj. Ba farfaɗiya ba ce kuma. Masana na binciken alamar wannan ciwon a irin layukan nan, amma su kaɗai ba sa yanke hukunci. Labarin da kuka ba ni ya nuna ciwon hawa da saukar yanayi ne, kuma yana da magani."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya share ido da gefen rawaninsa.

Har yau ina shan maganina, ga ni da aikina da 'ya'yana. Abin da na koya shi ne, ciwon da aka san sunansa ya fi sauƙin ɗauka, kuma ɓoye shi ne yake cinye mutum.