Matar da Ta Jira Ni a Bakin Tsibiri

Bakina ya saba da tatsuniya, amma wannan da idona na gan ta, kuma da hannuna a ciki.

A ƙasa da Bungudu, inda gulbi ke karya kwana, akwai wani tsibiri. Da rani ba ka ganin komai a wurin sai yashi da sawun shanu. Sai ruwa ya cika, damina ta yi tsaka, ka hango shi da giginyunsa, hayaƙin girki na tashi. Inda mutanensa ke tafiya da rani ban sani ba, uwata ma ta mutu ba ta sani ba. Mutanen tsibiri muke ce musu. Suna salla kamar kowa. Hausarsu tamu ce, sai dai a hankali suke yin ta, kamar mai tsince tsakuwa cikin shinkafa. Inda duk sunka taka kuwa sai ka ga danshi, ko da kan fako ne da rana tsaka.

Ni daddawa nake yi tun ina amarya. Kalwa in ta dahu sai an kai ta gulbi an murje ta an wanke, to a can na san matar. Tsohuwa ce kamata, doguwa, ba ta sa ko ɗankunne. Takan zo da busasshen kifi a ƙwarya, in ba ta daddawa, kowa ta kama gabanta. Sunanta ban sani ba. Ina ce mata Yaya, tana ce mini mai kalwa.

Shekara biyu ke nan da anka ba mu jiha tamu, lokacin da man mota ya yi wuya. Wani hantsi ina cikin ruwa har gwiwa, kwando a hannuna, ta iso a kwalekwalen ƙanenta.

Ta ce, "Mai kalwa, daddawarki ta bana ta fi ta bara wari."

Na ce, "Yaya, kifinki ne ya kashe miki hanci."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Cikin daɗin hirar na ce, "Shekara da shekaru muna haɗuwa ban san ƙofar ɗakinki ba. Zan zo in gaishe ki."

Sai dariyar ta ɗauke mata. Ta dubi ƙafafuna.

"Cikin ruwa kike tsaye."

"To ina zan tsaya, ga kalwa?"

"Kin ce za ki zo."

"Zan zo mana."

Ta ce to. Ta shiga kwalekwale, ba ta waiwayo ba.

Mu nan irin wannan magana muna yi wa kowa, a kasuwa, a gidan biki, ba mai riƙe ta. Su ba haka ba ne, kuma a ranar ban sani ba. Abin da mutum ya faɗa ƙafarsa na cikin ruwa, a wurinsu ya ɗauru. Wanda anka ce za a zo gaishe shi, sai ya fita mashigi ya zauna yana fuskantar gaɓa. Ba ya shiga ɗaki, ba ya cin abin da ya hau wuta, sai baƙonsa ya zo sun sha daga ƙwarya guda. In ya ci kafin nan, ya ce baƙon maƙaryaci ne ke nan. Abin da ya fi wannan kunya a wurinsu shi ne tuna wa mutum alkawarinsa. Gara su mutu da su yi.

Kwana uku da wannan ɗiyata ta haihu a Tsafe, na tattara na tafi wankan jego. Ga dafa ruwa, ga kunun kanwa, ga masu barka. Maganar gulbi ko a mafarki ba ta zo mini ba.

Mun yi suna da kamar mako biyu, da la'asar, mijin ɗiyata ya ce wani na sallama da mai kalwa. Na fita zaure na iske ƙanen Yaya, tsoho shi ma, ya durƙusa. Yadda ya san gidan ban sani ba. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mai jego, ya tambayi jinjiri, ya ajiye kifi.

Na ce, "Ina Yaya?"

"Tana zaune."

"Lafiya dai ko?"

"Tana zaune, Inna."

Na ce ya gaishe ta. Ya dube ni kamar zai ƙara wani abu, bakinsa har ya motsa, sai ya tashi. Bayan mako ya dawo, ya ƙara ramewa, amsar dai ita ce. Na uku ma haka. Ni kuwa har tsiya nake yi masa, ina cewa yayarka ta samu sarauta ne, sai zama.

A zuwansa na uku wata tsohuwar Bafulatana mai kawo mana nono ta yi kiciɓis da shi a ƙofa. Ta tsaya tana kallon jiƙaƙƙen sawunsa a daɓen zaure. Rugarsu ta taɓa zama bakin gulbin nan, ta san su. Da ya tafi ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Inna, mi kika ce musu?" Na ba ta labari. Ta tambaye ni ko ƙafata na cikin ruwa. Da na ce i, sai ta zauna ƙasa ta faɗa mini duk abin da na faɗa muku. Ta ce, "In ruwa ya janye kuma, ba ki ganin tsibirin sai baɗi."

Saura kwana shida a yi arba'in na bar ɗiyata tana kuka. Tun safe nake tasha, ba mota, duk suna layin mai. Wata babbar mota mai masara ce ta ɗauke ni zuwa Gusau, na kwana gidan dangi, washegari na samu ta Bungudu, sauran na taka da ƙafa ta cikin gonaki. Gulbi ya ja baya ƙwarai, laka ta fito. Tsohon na nan cikin kwalekwalensa. Na shiga, ya tuƙa.

Tun daga nesa na hango ta. Tana kan wani turmi da anka kife, fuskarta na kallon gaɓarmu. Ciyawa ta tsiro ta kewaye turmin har ta rufe mata idon sawu. Zanenta ya koɗe ta gefen da ruwan sama ke bugowa. A bayanta mutanen tsibiri ne tsaye, maza da mata da yara. Kusa da ita ƙwaryar fura rufe da faifai. Kowace safiya, in ji su, sai an dama sabuwa.

Na durƙusa na ce, "Yaya, na zo gaishe ki."

Ta amsa. Muryar kamar daga cikin tulu.

"Mai kalwa. Sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Yaya, ki yafe mini, wallahi ban…"

"Ba ki sa rana ba," in ji ta. "Sha."

Na buɗe na sha. Na miƙa mata, na tallafe ƙwaryar da hannuna don hannuwanta ba su ɗagu ba. Ta sa baki. Sai ta jingina da kafaɗata a hankali, ba nauyi, kamar an jingina mini karan dawa.

Ba wanda ya yi kuka. Mata biyu sunka fito da likkafani ɗinkakke, har ya yi ƙura a ninkinsa. Sunka ce ni zan yi mata wanka, baƙuwarta ce ni. Na wanke gawa da yawa a rayuwata, na san jikin da rai ya bari yau. Wannan ba shi ba ne. Fatar ta bushe ta yi tauri kamar bayan ƙwarya, ba wari, ba komai.

Na tambayi matar da ke zuba mini ruwa, a hankali, na ce yaushe ne rai ya fita.

Ta ce, "Ranar da anka fara girbin gero."

Ni kuwa gonakin da na ratso da safen nan, duk an gama girbe su, an ɗaure dammuna, har an fara kaiwa rumbu.