Gamban Iyakar da Baba Ya Matsar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne mahaifina, Baba Nomau, a bayan majami'ar ƙauyenmu da ke ƙasar Tudun Wada. Duk shekara 'yan uwa kan taru a yi addu'a, a ci tuwo, a tuna alherinsa. Ni kuwa sai in zauna cikinsu gabana yana faɗuwa, don na san abin da ba su sani ba. Bana tsoro ya fi ƙarfina, shi ya sa nake rubutawa.

Bamaguje ne Baba, ya karɓi Almasihu yana da ƙuruciyarsa, ya ƙone kayan tsafinsa a gaban jama'a. Har ya tsufa yana dattijon ikilisiya, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Kwana huɗu kafin ya cika, da la'asar, ya sa aka kira ni tare da Fastonmu. Ya ce, "Iliya, gamban da ya raba gonarmu da ta Malam Idi ba nan ne wurinsa ba." A wajenmu ciyawar gamba ake dasawa a iyakar gona, ita ce shaida, ba a taɓa ta. Wata shekara da maƙwabcin namu ya tafi Kiru jinyar mahaifiyarsa ya daɗe, Baba ya tumɓuke gamban ya matsar da shi taku biyar cikin gonar mutumin. Abin da ya fi razana shi, bayan an yi masa baftisma ya aikata haka.

Fasto ya yi ta kwantar masa da hankali, cewa alherin Allah ke ceton mutum ta wurin bangaskiya, ba aikin hannunsa ba. Baba ya ce, "Na gaskata, Fasto. Ba taku biyar ne za su saya mini sama ba. Amma wanda ya ce ya juyo, ai a sawunsa ake gani." Ya damƙe hannuna, ya ce in mayar da gamban da ruwan farko. Na ce to.

Ban mayar ba. Damina ta farko na ce muna cikin makoki. Ta biyu na ce in na tona, sunan Baba zai ɓaci a ikilisiya, kuma maƙwabtanmu Musulmi su ce dattijon Kirista ɓarawon gona ne. A ta huɗu masu haƙa suka zo neman ruwa, ruwan kuwa bai tashi fitowa ko'ina ba sai cikin takun nan biyar. Na haƙa rijiyar burtsatse, na shiga noman rani, tumatir da albasa suka sa 'ya'yana a makaranta. Fasto an yi masa canjin wuri, ba mai tuna mini. Kuma don rashin ta ido, ni ne nake tsayawa ranar Lahadi ina koya wa matasa cewa ba ayyuka ke ceto ba. Maganar gaskiya ce, amma ni bargo na mai da ita na lulluɓe sata.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga yau. Gona ta yi daraja, masu awo suna yawo da na'ura, ana kafa turakun siminti inda dā ciyawa ta isa shaida. Ba na jin wannan zai dame shi. Abin da zai tsaya ya kalla shi ne ɗansa, wanda ya gaji zunubin ya bar tuban.

Watan jiya na yanke jiki na faɗi a bakin rijiyar nan. Likita ya ce hawan jini ne. Ina kwance a ƙasa, rabin jikina ba ya motsi, ba matata na tuna ba, ba 'ya'yana ba. Tambaya ɗaya ce ta zo mini: in yanzu ne, a gonar wa aka same ni? Tun ran nan ban sake cin abinci da daɗi ba. Ba shakkar jinƙan Ubangiji nake ba. Tsorona kada ya zama abin da nake kira bangaskiya shekara da shekaru baki ne kawai, tunda bai iya ɗaga fartanya ba.

Da na samu ƙafa na dogara sanda na tafi wurin Malam Idi. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, yana zaune a zaure da carbinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.

"Maganar gamba ce? Ai Nomau ya zo nan da ƙafarsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Ya yi kuka, na yafe masa duniya da lahira. Ya ce ƙarfinsa ya ƙare, amma ɗansa zai zo ya gyara." Sannan ya ce, "Ka daɗe a hanya, ɗana."

Gara a ce ya zage ni. Ashe duk safiyar da nake gaishe shi a kan iyaka, ya sani, yana amsawa, yana jira. An ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Mutane suna tuna Baba da waƙoƙin sujada da yawan kyauta. Ni abin da ya rage mini nasa shi ne tsoho marar lafiya da ya gaskata an gafarta masa, kuma saboda haka ɗin ne ya kasa kwanciya a kan kayan wani. Shi ya yi nasa tuban har inda ƙarfinsa ya kai. Saura nawa, kuma ba wanda zai yi mini.

Kowa ya san gamba ba ya kamawa sai da damina, ga shi saura wata uku ruwa ya sauka. Ba ni da tabbacin wata uku. Makon jiya na sa aka tumɓuke shi, na dasa da hannuna a inda yake tun asali, rijiyar ta koma ɓangaren Malam Idi. Kullum da safe sai in aika a roƙar mini izininsa, in ɗebi bokiti biyu in ba gamban ruwa. Har yau bai yi kore ba, kullum ina dubawa.