Gwiwa Biyu a Kan Tsakuwa

Ina zaune gindin mangwaro a wata jami'a nan Ibadan, ina jiran jikata, sai idona ya faɗa kan wata mata. Ta kai hamsin, ɗaurin kanta ya karkace, tana rungume da kundin digirinta na uku kamar jariri. Mai sayar da ɓoli, gasasshen agade, ta ce min malama ce, tana karatun horar da masu ba da shawara, waɗanda ake kai wa kukan zuciya. In farfesanta bai duba aikin nan bana ba, za a kore ta.

Ga farfesan ya fito, waya a kunne. Ta zube gwiwa biyu a kan tsakuwa.

"Baba, ko babi ɗaya ne."

"Morenikeji, har yanzu ba ki gaji ba? Jikokinki ma za su riga ki gamawa. Sai bayan Sallah."

Ya ja ƙofar mota. Wai wannan ne yake koyar da sauraron mutane! Kuma ita har da yi masa dariya.

Ta miƙe da kyar, tana cire tsakuwa daga fatar gwiwa. Ina jin akwai miji a gida da ya daina tambayar yaushe za ta gama.

Wata ɗaliba da ke ƙarƙashinta ta matso, ido jajir, ta durƙusa.

"Anti, yarinyar da nake ba shawara ta ce za ta sha guba. Me zan yi?"

Ko kallonta ba ta yi ba.

"Ki dawo gobe."