Cukun Tagriss a Cikin Waya

Sana'ata daga karin kumallo ta faro. Shekarar da na gama karatu a Maraɗi na dawo gida Dakoro, babu aiki, babu abin yi sai shara da girki da latse-latsen waya. Wata safiya na zauna da kofin shayi da fallen cuku a farantin mahaifiyata. Rana ta leƙo ta taga ta sauka a kan cukun, zanen tabarmar da aka shanya shi a kai ya fito raɗau, sai ya ba ni sha'awa. Na ɗauki hoto na ɗora a sitati, wurin nan da duk mai lambar mutum yake ganin abin da ya saka. Ko kalma ɗaya ban rubuta a ƙasa ba.

Shayin bai gama hucewa ba sai ga bokal, saƙon murya, daga wata ƙawata da muka yi makarantar lise tare, wadda aure ya kai Yamai. Ciki gare ta a lokacin.

"Ƙawa, don girman Allah ki aiko min," in ji ta. "Tun da na ga hoton nan yawuna ya tsinke. Wanda ake saidawa a nan kamar busasshiyar fata yake. Na garinmu nike so, mai ƙamshin nono."

Ranar kasuwa na je wurin matar da gidanmu ya saba saye a hannunta. Dattijuwa ce Bafulatana, doguwa, mai tsagen baki, daga wajen Tagriss take zuwa da cukunta a cikin ƙwarya ta lulluɓe da farin ƙyalle. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce da ni ɗiyata. Na saya na kai tasha aka tafi da shi. Ƙawata ta ci, ta ɗanɗana wa maƙwabtanta, su kuma suka nemi lambata. Kafin wata ya zagayo ina amsa sallamar matan da ban taɓa gani ba, wata matar soja, wata ma'aikaciyar asibiti, wata kuma tsohuwa ce da jikarta ke riƙe mata waya tana magana da ƙarfi kamar daga bayan gari take kirana.

Babana ɗan kasuwa ne, gero da wake yake kaiwa Maraɗi, wani lokaci har ƙetaren iyaka. Da na gaya masa na fara kasuwanci sai ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ina shagon?" ya tambaye ni.

Na ɗaga waya na ce, "Ga shi, Baba."

"Mutum bai taɓa kaya ba, bai sansana ba, bai ga idonki ba, kuma ya aiko da kuɗinsa?"

"Yana aikowa, Baba."

Ya ja carbinsa. Can ya ce shi dai bai fahimta ba, amma tunda ba sata ba ce, ba roƙo ba, in yi, Allah ya sa albarka. Abin da nake nema ke nan.

Komandin farko mai yawa da na samu, wato odar kaya, na wata mata ne mai shirin sunan jikanta. Na jera cukun a buhu na ɗaure da kyau, na miƙa a tasha na juyo ina jin kaina wata babbar ƴar kasuwa. Ashe masu lodi sun jefa buhun a ƙasa suka hau shi da buhunan wake. Washegari matar ta aiko min da hoto. Ko falle ɗaya bai isa da rai ba, duk ya zama tsaki. Na kira ta na ba ta haƙuri, na ce zan sake aiko wani a kaina, wancan kuma ta daka shi a fura kada ya lalace a banza. Na bi butik-butik, shagunan garinmu, na tattaro kwalaye masu ƙarfi, na koyi tsai da cukun a gefe maimakon kwantar da shi, ina raba kowane falle da farar takarda. Daga ranar ban ƙara barin tasha ba sai na ga kwalina ya zauna a gaba kusa da direba. Direbobin suka yi ta yi min tsiya, suna cewa ga mai kayan gilashi ta iso, amma suka saba. Matar nan kuwa bayan suna ta kira ni ta ce furar da ta dama da tsakin ta fi komai tafiya a wurin taron, ko ina da wani? Tun daga nan gutsattsarin da ke zuba a gindin ƙwaryar Inna ya daina zama asara, ina ƙulla shi a leda ina saida shi da sunan cukun fura.

Haka abin ya yi ta gaba har kaka ta shigo. Na buɗe shafi, na shiga gurup na matan yankinmu da ke zaune a Yamai da Zinder da Tawa. Da safe in amsa saƙonni, da hantsi in je gidan aika kuɗi, ranar kasuwa in tare Inna tun kafin ta sauke ƙwarya. In an ɗauke wutar kuran, in ruga wurin mai panno na hasken rana in sa caji. Ban taɓa jin na gaji ba.

Sai wata rana da la'asar ƙawata ta Yamai ta kira ni.

"Kin shiga gurup yau?"

Na shiga. Wata mata ce ta saka hoton cuku baƙi-baƙi duk furfura, a gefe kuma ga hoton cukuna, wanda na ɗauka da hannuna. Ta rubuta cewa mata su yi hattara da mai wannan hoton, ta aiko mata da ruɓaɓɓen kaya mai ɗanɗanon garin rogo, kuma da ta kira sai aka rufe mata layi. Na duba, ban taɓa magana da matar nan ba. Na roƙe ta ta turo min lambar da ta saya a wurinta. Lambar ba tawa ba ce. Wani ne, ko wata, ya kwashe hotunana kaf ya buɗe shafi da su. Farantin mahaifiyata ne, tabarmar ɗakinmu ce, har da babban yatsana mai lalle a gefen hoton.

Na yi bayani a gurup, wasu suka yarda, wasu suka yi shiru. Shirun ne ya fi yawa. Waya ta kwanta kamar an zare mata rai. Ranar kasuwa na je wurin Inna na ɗauki cuku kaɗan kawai, ta bi ni da kallo.

Ƙawata ta ce mu kira lambar nan mu wanke mai ita da zagi, mu yi ta yaɗa ta har ta rufe. Na ce ko mun zage shi gobe zai sayi wani layin. Na zauna na yi tunani. Hoto kowa na iya ɗauka ya ce nasa ne. Amma ɓarawon nan bai san inda cukun yake fitowa ba, bai san Inna ba, ba zai iya tsayawa a tsakiyar shanunta ya yi magana ba. Ni zan iya.

Na sami Baba bayan sallar azahar na ce ina so in je rugar su Inna. Ya ce daji ba wurin budurwa ita kaɗai ba ne. Na ce ai ban ce ni kaɗai ba. Gwaggona, ƙanwarsa, mace ce mai son tafiya da son magana, tun kafin in gama yi mata bayani ta fara neman takalminta. Da kasuwa ta sake ci na gaya wa Inna, ta yi dariya ta ce, "Ki zo, ɗiyata, amma babu katifa, babu fanka."

Muka bi motar kasuwa da yamma, irin wadda mutane ke zama a kan kaya, awaki a ƙarƙashin ƙafafunsu. Gudoro, hanyar kwalta, ya ƙare, jan ƙasa ta ƙare, sai rairayi da ƙaya. Inda mota ta tsaya muka ƙarasa a amalanke. Muka kwana a rugar, da sassafe kukan maruƙa ya tashe ni.

Na fito da waya na ce, "Inna, zan ɗauke ki kina aiki."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Fuskata ba kayan kasuwa ba ce."

"Hannu kawai, Inna. Ba wanda zai ga fuskarki."

Ta juya hannayenta ta dube su, ta ce, "Waɗannan tsofaffin? In su kike so, ɗauka."

Na ɗauki ƴaƴanta mata suna tatsa, kumfa na tasowa a bakin ƙwarya. Na ɗauki Inna tana tace madarar da ɗuminta, tana ɗiga mata ruwan da aka jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya a ciki, wanda shi ne ke sa ta kama. Muka jira har ta yi kauri. Ta kamfata da ludayi ta zuba a kan ƴar tabarmar kara, ta baje da tafin hannu, ta naɗe ta matse a hankali, ruwan na tsiyaya cikin wata ƙwarya. Da ta buɗe sai ga falle fari sol da zanen kara a jikinsa. Ta ɗora shi a kan rumfa inda iska ke kaɗawa. Ni kuma ina magana a bayan waya, na yi sallama, na faɗi garinmu, na faɗi lambata da bakina, na ce duk wanda ya ga hotona da wata lamba ba ni ba ce. Ana cikin haka wata akuya ta sa kai za ta lashi cukun, Gwaggo ta taso da zani a hannu tana cewa, "Kai, ƴar banza, kin biya ne?" Inna ta yi dariya har ludayi ya faɗi. Na so in yanke wurin, daga baya na bar shi.

Babu rezo a rugar, waya ba ta kamawa. Na hau tudu na ɗaga waya sama har kafaɗata ta gaji, bidiyon bai tafi ba. Sai da muka dawo Dakoro, muna shigowa gari, tun ina kan mota na tura bidiyon a gurup da shafi da sitati gaba ɗaya.

Ban kai gida ba waya ta fara kuka. Wata ta ce ta girma tana cin cuku amma ba ta taɓa ganin yadda ake yinsa ba. Wata ta ce hannun tsohuwar nan ya tuna mata da kakarta har ta yi hawaye. Da yawa kuwa akuyar suke tambaya, wai ta samu ta lasa ko ba ta samu ba. Matar da ta kai ƙarata ta kira ni da kanta ta ce in yafe mata, ta yi magana cikin fushi. Na ce ba ta yi laifi ba, ita ma cutarta aka yi. Ta koma gurup ta janye maganarta a gaban kowa, kuma yau tana cikin masu saye a wurina da ba sa fashi. Mai satar hotunan ban neme shi ba, ban kuma san inda ya ƙare ba. Na dai canza tsari. Duk kwalin da zan aika sai na yi masa gajeren bidiyo a tasha, da muryata, ina nuna kayan kafin in rufe.

Komandi ya yi yawa har ya fi ƙarfin Inna, ta haɗa ni da surukarta da wasu mata biyu na rugar kusa da su. Ita ke duba nasu kafin ya iso gare ni, kuma ba ta da sassauci. Na taɓa ganin ta ɗaga falle ta sansana ta mayar wa mai shi.

Da bazara ta kama, ciyawa ta ƙone, nono ya ja baya, su Inna suka tashi neman kiwo. Masu saye suka matsa min, wasu suka ce in nemo ko na wane ne a kasuwa, ai ba za su gane ba. Na yi bokal ɗaya na tura wa kowa, na ce shanu ba su da nono, cuku ya tsaya sai ruwa ya sauka, wanda ya iya jira ya jira ni. A tsakanin na koma saida wake na Kornaka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, kuma suka tafi fiye da yadda na zata, don wanda ya yarda da cukunka ba ya jayayya da wakenka.

Kafin su tashi Inna ta sayi ƴar ƙaramar waya mai madanni da kuɗin cukunta. Ba ta iya neman lamba ba, sai na sa mata tawa a madanni guda, in ta danne shi ya kira ni. Tsawon bazara ba ta kira ba. Ran nan bayan an yi ruwa mai ƙarfi har sau biyu, ina tsakar gida ina tsince wake, sai wayata ta yi ƙara. Iska na bugun maganarta, ga kukan shanu a bayanta, da alama kan wani tudu ta hau.

"Ɗiyata, kina jina?"

"Ina jin ki, Inna. Ina kuke?"

"Mun dawo kusa. Ciyawa ta fito, shanu sun ƙoshi. Ki gaya wa mutanen naki na cikin waya su shirya, kasuwa mai zuwa ina tafe."

Na ture tiren wake gefe, na share hannu a zani, na fara tura saƙo. Sannan na sa mayafi na fita neman kwalaye.