Hannun Zinariya da Bangon Goggo Asta

Goggo Asta mai ƙuli-ƙuli ta Wuro Hausa ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba har ta koma ga Mahaliccinta, amma rabin unguwarmu a jikin bangonta muka koyi karatu. Ita kuwa ko kusa ba karatu ta nufa ba. Hannu take gyarawa.

A zamanin da aka sa mu cikin Jihar Arewa maso Gabas, ba a tambayar shekarun yaro a firamare. Sai ya ɗora hannun dama ta bisa kai ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓa ya shiga aji ɗaya, in bai taɓa ba sai baɗi. Jikarta Zinariya, marainiyar da ta riƙa tun tana tsumma, 'yar firit ce, ga ƙaton kai. Sau biyu ana koro ta. Bappanta Ɗanburam ya ce in aka sake, zai kai ta gonarsa a ƙetaren Binuwai ta riƙa korar tsuntsaye. Maganar ta tsaya wa Goggo a rai, don yarinyar ce kaɗai ta rage mata.

Da aka yi dogon hutu sai ta duƙufa. Ta ɗura mata rake da miyar kuɓewa, wai dogon abu shi ke kawo tsawo. Ta sa ta lilo a reshen mangwaro har maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa. Hannu dai yana nan yadda Allah ya yi shi.

Rannan Malama Edith, 'yar Numan mai koyarwa a Jimeta, ta zo sayen ƙuli tana kukan kafaɗa, wai rubutu a allon aji ya ja mata hannu kamar zai cire. Goggo ta saki muciya.

"Rubutu yana jan hannu? Useko, don Allah Malama, hau turmin nan. Rubuta wa Zinariya can sama!"

Malama ta karɓi gawayi ta jera haruffa a saman bango. Aikin Zinariya shi ne ta yi ɗage ta kwaikwaye su iya inda hannunta ya kai. Da ta ƙi tsayawa ita kaɗai, Goggo ta jawo mu 'ya'yan maƙwabta da ƙuli. Wanda ya yi rubutu a tsugune ko gutsure ba ya samu. Abin da muka rubuta bai dame ta ba, tsayinsa take aunawa da muciya. Malama kuwa abin ya yi mata daɗi, kowace Asabar sai ta zo ta ƙara kalmomi, ta sa mu karanta da ƙarfi. Goggo tana ganin wannan surutun banza ne, amma ta haƙura muddin hannaye suna sama.

Ranar ɗaukar sababbin yara, Ɗanburam ya jingine kekensa a bakin ƙofar makaranta yana jira. Zinariya ta tsaya gaban Hedimasta Bobboyi ta ɗora hannu. Saura kamar ƙwayar gyaɗa, bai kai ba. Goggo ta runtse ido tana salati. Ita kuwa yarinya, da kanta a karkace, idonta ya faɗa kan wani kwali da aka rataye a bayan Hedimasta, bakinta ya yi abin da ya saba:

"Ban-da su-ru-tu."

Hedimasta ya waiga ya dubi kwalin, ya dube ta. Mutum ne da bai taɓa karya doka ba. Sai ya miƙa hannu ya kama kunnen, ya ja shi sama har ya haɗu da yatsan.

"Ya taɓa. Na gaba!"

Goggo ta buɗe ido ta ga yatsa a kan kunne, ta rangaɗa guɗa har Ɗanburam ya ture kekensa. Daga nan duk hutu sai ta shafe bango da farar ƙasa, ta ajiye gawayi a ƙwarya, ko yaron da aka yaye jiya ba ya tsira. Babu wanda ya taɓa gaya mata gaskiya, kuma ina alfahari da unguwarmu a kan wannan.

Zinariya ta yi ritaya tana shugabar makaranta. Bara na tsokane ta na sa ta gwada, har yau hannun bai kai ba. Muka yi dariya har da hawaye. Ni hawayena ya tsaya, nata bai tsaya ba.